Kada Ka Ce Musu Da Sauƙi

Ɗanzomo,
Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Sa'a. Ya baƙunta, ya sabon wurin aiki? Ya kuma muka ji da wannan iska? Allah Ya kiyaye gaba, Ya mayar da alheri, Ya tsare ku a cikin gida da wajensa. Mu nan lafiya lau muke. Ummanka tana gaishe ku, ta ce a gaya wa Sa'a kada ta kuskura ta ɗaga abu mai nauyi.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali jiya-jiyan nan muka yi waya. Dalili shi ne a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Da na ɗauko magana sai ka ce, "To Baba, in sha Allahu Baba," ni kuma in ji kamar na gama, in kashe. Takarda kuwa ba ta jin "to Baba", dole ka bi ta har ƙarshe. Na ba Ado direba ita tare da babban tamfol ɗin da nake rufe harawa da shi. An wanke shi sau biyu, in ka ji sauran warin awaki ka yi haƙuri.

Sati uku ke nan da kuka kwashe kayanku kuka koma Gagarawa Tasha. Ran da za ku tafi na yi niyyar in zaunar da kai in yi maka nasiha irin ta iyaye, hayaniyar ɗaure kaya ta hana. Abin da na samu na faɗa kawai shi ne ka riƙe salla, ka kula da 'yar mutane. Na zaci ya wadatar, ashe da saura.

Jiya da na tambaye ka ɓarnar da guguwar ranar Asabar ta yi maka, cewa ka yi, "Da sauƙi, Baba, kwano biyu ne suka ɗan ɗaga, gobe zan kira kafinta." Na ajiye waya ina hamdala. Ina juyawa na ga Ummanka ta riƙe haɓa tana kallona. Ashe ta riga ta yi magana da Sa'a. Rufin ɗakin kwananku gaba ɗaya ya tashi har da katako, katifa ta sha ruwa, takardun makarantarka suna shanye a igiya, ku kuma kun koma ɗakin girki da kwana, ga yarinya da tsohon ciki. Kuma an yi shela cewa ranar Alhamis ma'aikatan agajin gaggawa na gwamnati za su zagayo su duba gidajen da iska ta taɓa, su rubuta sunaye. Wannan ma ba daga bakinka na ji ba.

Ummanka ta ce, "Malam, ɗanka ne. Ko tari ya yi, naka ne." Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace mini, domin muryata na ji a bakinka. Shi ya sa na zauna in ba ka labarin wautar da na tafka shekara shida da suka wuce, lokacin kana makarantar koyon aikin gona. Ba ka san labarin ba, don kai ma da ka bugo waya "da sauƙi" na ce maka.

Ranar wata Juma'a ce a farkon damina, bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, muna ta murna don gero ya fara neman ruwa. Kafin ɗigo ɗaya ya sauka iska ta riga shi isowa. Ina zaure na ji wata ƙara, na leƙa, sai na ga rufin ɗakin kakarka Iya ya ɗaga gaba ɗaya kamar an ɗauke faifai daga kan ƙwarya. Ya yi sama, ya juya, ya je ya kwanta a gonar bayan gida. Na Ummanka ya bi shi rabi, nawa ya nannaɗe. Na ruga ɗakin Iya, na same ta zaune a kan buzu da carbi a hannu, ƙasa ta rufe mata ɗankwali. Ta dube ni, ta dubi sama, ta ce, "Sabo, wa ya buɗe mini ɗaki?" Allah Ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

To, daga nan ne aikina ya fara. Ka san ni, shekara talatin ina dillancin dabbobi a kasuwar Maigatari. Ban taɓa sayar da mara lafiya a matsayin mai lafiya ba, Allah shaida, amma na iya tsayar da akuya ta ɓangaren da ya fi kyau. Wannan hali ya bi ni har gida. Abin da ya fara zuwa raina ba yadda za a yi da ruwa ba ne, a'a, kada mutane su wuce su ga cikin gidan Sabo Dillali a buɗe. Gari na wayewa na yi gayya. Maƙwabta suka zo, Allah Ya saka musu, aka jawo kwanukan daga gona, aka bubbuge su da guduma aka miƙar, aka mayar a kan ruɓaɓɓen katako, aka danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Kafin azahar in ka tsaya a titi sai ka rantse babu abin da ya faru. Waɗanda suka yayyage sosai kuma na kira 'yan gwangwan suka kwashe, na sa aka share tsakar gida tas.

Tun kafin a fara Ummanka ta ce, "Malam, da an ɗauki hoto tukuna." Na ce, "Hoton me? Biki ake yi? Mutum ya tona wa kansa asiri da hannunsa?" 

Saboda haka, Abba, kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya, ka ɗauki hoto. Ka ɗauka daga waje, ka ɗauka daga ciki ana ganin sararin sama, ka ɗauki katifar, ka ɗauki katakon da ya karye. Ka tura wa Sa'a a wayarta, ka tura wa Ummanka, don in taka ta faɗa ruwa a samu wani wuri. Kwanukan da suka lalace ka tara su a gefe, kada ka sayar, kada ka ba yara su yi mota da su. Ka shimfiɗa tamfol ɗin nan a kan ɗakin ka ɗaure da igiya don ruwa, wannan ba laifi, ana ɗaga shi a gani. Amma kafinta ya dakata sai bayan Alhamis. In bango ya tsage ko wani katako yana lilo, ku nisance shi, ba na son a ce don jiran rubuta suna wani ya ji ciwo.

Wauta ta biyu, ban je wurin mai unguwa na faɗa ba. Na ce ai da idonsa ya gani, har shi aka ja kwano. Ga shi kuma taubashina ne, na san in na je sai ya yi wata guda yana tsokanata a majalisa. Ashe mai unguwa takarda gare shi, wanda ya zo ya faɗi ɓarnarsa shi ake rubutawa, don kada a ce ya sa wani ya bar wani. Mutane suna ta shiga suna fita a ƙofar gidansa, ni ina zaune a tawa ƙofar ina amsa jaje da fara'a kamar wanda aka yi wa haihuwa. Kai baƙo ne a Gagarawa Tasha, sati uku ba ya sa a san mutum. Yau ɗin nan, da ka gama karanta wannan, ka sa hula ka je ka gaishe da mai unguwarku, ka gaya masa ko kai wane ne da gidan da kake, ka roƙe shi ya tako ya gani da idonsa. Kada ka aika, ƙafarka za ka kai.

Duk da haka mutumin kirki ne taubashin nawa. Kwana huɗu bayan iskar, da ma'aikatan suka zo, su uku da babban littafi, sai da ya ratso da su ƙofar gidana. Ni kuwa da na ji baƙi daga gwamnati za su zo, na zuba babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, na shimfiɗa darduma a zaure, na sa aka dama fura da nono mai kyau. Suka zauna, suka sha. Babbansu, wani mai natsuwa da tabarau, ya buɗe littafi ya ce, "Malam, ya muka ji da wannan iftila'i? Me ya taɓa muku?"

Na gyara zaman riga na ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, mu namu da sauƙi. 'Yar iska ce ta ɗan taɓa mu, mun ma gyara. Sai dai maƙwabta, su ne abin tausayi."

Mai unguwa ya yi ta ƙifta mini ido har na zaci ƙasa ce ta faɗa masa. Mutumin ya fita ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ga kwano a kan kowane ɗaki. Ya dubi rigata, ya dubi ƙwaryar fura. Ya rufe littafinsa ya ce, "Madalla, Allah Ya ƙara rufa asiri. Da kowa kamar kai ne da aikinmu ya yi sauƙi." Wallahi har daɗi na ji. Na raka su bakin titi ina ɗaga musu hannu.

Ba su yi mini laifin komai ba. Sun tambaya, na amsa, sun rubuta abin da suka ji da abin da suka gani. Mu mutanen nan haka aka tarbiyyantar da mu, ko kana kwance rai a hannun Allah aka ce ya jiki, sai ka ce da sauƙi. Hali ne mai kyau, ban ce ka bar shi ba. Amma wannan amsar gaisuwa ce. Mutumin da ya buɗe littafi ya riƙe biro ba gaishe ka yake yi ba, aiki aka aiko shi, kuma ba zai iya rubuta abin da ka ɓoye ba. Ka gode wa Allah da farko, wannan wajibi ne, sannan ka ce masa: ɗaki kaza ya tashi, kwano kaza, katako kaza, ga matata da ciki muna kwana a ɗakin girki. Hamdala ba ta hana lissafa ɓarna.

Bayan kwana uku aka yi ruwa na gaske. Abba, kwanon da aka miƙar da guduma ba kwano ba ne, rariya ce. Duk inda tsohuwar ƙusa ta fita rami ne, duk inda ya lanƙwashe ya tsage. Ɗakin Iya ya fi kowanne. Ummanka ta kwaso duk wata roba da kwano da tukunya da ke gidan nan ta jera, har da kwanon da nake cin tuwo. Ranar a murfin tukunya aka zuba mini. Na ce Iya ta koma ɗakin Ummanka, ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan mijinta ya bar ta, ba ruwan da zai fitar da ita. Sai ta ja buzunta lungu guda da ba ya zuba ta takure. Cikin sati biyu tari ya kama ta, irin mai fitowa daga ƙirji.

A nan dariya ta ƙare mini. Damina ta ci kasuwa, abin da ke hannuna ya tafi a taki da iri, sabon rufi kuwa ya fi ƙarfina a lokacin. Ina zaune a ƙofar gida na ga amalanke tana wucewa da sabon kwano yana ƙyalli, an kai gidan wane, an kai gidan wane, duk waɗanda na ce su ne abin tausayi. Daga ciki kuma ina jiyo tarin mahaifiyata. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba. Na rufa wa kaina asiri a idon masu wucewa, na bar tsohuwa a cikin ruwa.

Na cire girman kai na tafi wurin mai unguwa. Sai da ya yi dariyarsa ta ishe shi, har da riƙe ciki, yana cewa, "A'a, Alhaji mai fura! Ai ku naku da sauƙi!" Sannan ya gaya mini cewa ana karɓar koken waɗanda aka tsallake a sakatariyar ƙaramar hukuma, ya rubuta mini 'yar takardar shaida. Na hau mota na tafi Sule Tankarkar, na bi layi. Ina layin ina jan hula ina rufe fuska kada wani abokin ciniki ya gan ni. Da na waiga, mutum biyu a bayana duk 'yan kasuwar Maigatari ne, su ma suna jan tasu hular.

Kada ka zaci na gama. Da aka zo kaina aka ce suna, na buɗe baki na ce Sabo Dillali, don ko a Magarya ta Nijar ka faɗi haka za a nuna maka ni. Aka rubuta. Aka ce lambar waya, na karanto wadda na fi haddacewa. Ka san layi biyu gare ni, na gida da na Nijar wanda nake magana da masu kawo dabbobi daga Damagaram. Na Nijar ɗin na bayar. Shi kuwa ba ya kamawa sai na doshi bakin iyaka, sauran kwanaki yana cikin aljihun rigar kasuwa a rataye. Mutanen nan suka yi ta nemana ba su samu ba. Da na gaji da jira na koma, aka ce in kawo katin ɗan ƙasa. Kati ya ce Idrisu Abdullahi, takarda ta ce Sabo Dillali. Yarinyar da ke kan teburin ta dube ni da ladabi ta ce, "Baba, wanne ne kai a ciki?" Na ce duka biyun. Sai da na sake dawowa da mai unguwa ya shaida cewa mutum ɗaya ne, shi kuma ya samu abin ba'a na shekara guda.

Kai ma ka kula. Duk duniya Abba take kiranka saboda sunan mahaifina ka ci, amma katinka Abdullahi ya sani. Sunan da ke kan kati shi za ka bayar, yadda yake a jere, kada ka ƙara kada ka rage. Ka ba da lambar da ke aljihunka kullum, ka ƙara da ta Sa'a. Ka tafi da katin da kwafinsa, da takardar da ke nuna yadda ka shiga gidan. In sun ba ka wata 'yar takarda ko lamba, ka ba Sa'a ta adana, don na san ka da wanke riga da takarda a aljihu. In kuma wani mai gyararriyar hula ya tare ka a gefe ya ce ya san na ciki, ka kawo wani abu ya shigar da sunanka, ka ce masa Allah Ya ba da sa'a, ka wuce. Rubuta suna ba a saye, a gaban mai unguwa ake yi, da rana tsaka.

Daga ƙarshe dai aka ce za a dawo a duba. Ranar Ummanka ta ɓoye babbar rigar, ta ce an kai wanki. Mai tabarau ɗin nan ne ya sake zuwa, ya gane ni sarai. Muka tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Malam, mun sake dawowa. Yaya abin yake?"

Abba, ka ga ikon Allah. Na kwana ina shirya abin da zan faɗa, na tashi da shi a bakina. Amma da mutumin ya dube ni, sai na ji harshena ya kama hanyar da ya saba. Na ce, "To, alhamdu lillahi, ai da sau…"

Ban ƙarasa ba na ji wani abu ya sauka a kan babban ɗan yatsan ƙafata. Sandar Iya ce, ta dogarawa, mai ƙarfe a gindi. Ban san lokacin da ta fito ba. Ta danna, ta jingina nauyinta duka a kai, fuskarta kuwa tana wa baƙo murmushi. Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan nan. Rabu da wannan. Ɗana ne, mutumin kirki ne, amma ko kansa ne ya faɗi ƙasa cewa zai yi hula ce ta karkace. Biyo ni."

Mutumin ya ɗan tsaya, ya ce, "Iya, gidan matan aure ne." Ta ce, "Ɗakina za ka, ni kuwa na girmi babarka. Shigo." Ta kai su ɗakinta, ta sa Ummanka ta rufe ƙofa da taga. Rana tsaka ce, sai ga haske yana zubowa ta rufi tsiri-tsiri, ta ko'ina, har a kan littafin mutumin. Ta bi robobin da sanda tana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Ta nuna masa lungun da take takurewa, ta nuna katakon da aka ɗaure da igiyar guga. Tari ya sarƙe ta, ta jira ya lafa, ta ce, "Wannan ma rubuta, a nan na same shi." Mutumin ya cire tabarau ya goge, ya yi ta rubutu bai ɗago ba.

Ni kuma da na ga biro yana gudu, sai jinin dillanci ya motsa ta ɗaya ɓangaren. Na ce a raina tunda an fara a cika. Na nuna tsohon rumbun nan na bayan gida, wanda gara ta kayar tun kana sakandare, na ce, "Ranka ya daɗe, har da rumbu ma iskar ta…" Sanda ta sake sauka, a kan yatsan dai na ɗazu. Iya ta ce, "Wannan gara ce. Kada ka rubuta." Mai unguwa ya fita waje da gudu, ina jiyo dariyarsa daga bayan katanga.

Da baƙi suka tafi ina ɗingishi na ce, "Haba Iya, na rage kin buge ni, na ƙara kin buge ni." Ta ce, "To ka faɗi yadda yake mana. Abin da ka rage hakkina ne da na matarka, abin da ka ƙara na wani ne da ke can yana jira." Na ce mata ni dai abin ne yake mini kamar roƙo. Ta ce, "Duk Alhamis ba ka biyan kuɗin shiga kasuwa? Ba ka biyan na kan dabba? Da ka bayar ba ka ji kunya ba, sai yau da aka ce ga naka?" Na ba ka maganarta yadda ta ba ni, ka riƙe ta. Kada ka rage don a ce kai mai rufin asiri ne, kada ka ƙara don ka ga ana rubutu.

Abin bai zo da wuri ba, kada in yi maka ƙarya. Mun yi makonni muna jira, tamfol ɗin nan da ke hannunka shi ya rufe ɗakin Iya a tsakani, na kai ta asibitin Gumel aka ba ta magani. Da ya zo kuma bai rufe gida duka ba, kwano ne da ƙusa da 'yan katako, sai ɗan abinci. Taimako ne, ba sabon gida ba, saboda haka kada ka zauna ka naɗe hannu, ka ci gaba da naka tanadin. Mu dai ɗakin Iya muka fara rufewa. Wannan karon na tsaya a kan kafinta sai da ya ɗaure katako da rodi ya kama bango, ba a aza shi kawai a danne da bulo ba. Kai ma in an zo rufin ka tsaya a kai, ka kuma dasa darbejiya biyu ko uku ta gabas da gidan, kai da kake malamin gona ba sai na koya maka ba. In akwai wata tsohuwa ko mai takaba a layinku da ba ta da mai tsaya mata, ka faɗa wa mai unguwa sunanta tare da naka.

Ran da aka fara ruwa a kan sabon rufin, da hantsi ne, na shiga na tarar da Iya ta jawo buzunta tsakiyar ɗaki ta miƙe ƙafa. Ta ce in zauna. Muka zauna muna jin ruwa yana dukan kwano, ko ɗigo babu a ƙasa. Can ta ce, "Sabo, ka ji yadda ruwa yake da daɗi in a waje yake?" Damina uku ta ƙara yi a ɗakin nan a bushe kafin Allah Ya karɓi abarSa. Allah Ya jiƙanta, Ya sa kabarinta ya fi ɗakin nan ni'ima. Duk lokacin da na tuna makonnin da ta yi a lungu saboda bakina, sai in ji takaicin kaina. Ba na so wata rana ka dubi Sa'a, ko abin da za ta haifa, ka ji irinsa.

Na san ka, Abba. Za ka karanta wannan ka yi dariya, ka ce Baba ke nan, ka yi niyya har zuciyarka. Sannan ranar Alhamis mutum ya dube ka ya ce yaya abin yake, ka ji harshenka ya kama hanyar gidanmu. Ni ma na yi niyyar ai. Shi ya sa ba zan bar ka da takarda kaɗai ba.

Ka san Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce. Tun da na fara dillanci sau ɗaya na taɓa fashinta, ran da muka kai Iya makwancinta. Wannan ce za ta zama ta biyu. Na riga na gaya wa mutanen Damagaram su nemi wani ya tsaya musu. Motar farko zan shiga zuwa Gumel, in sha Allahu kafin hantsi ina ƙofar gidanka. Kada Sa'a ta wahalar da kanta da girki, kada kuma a dama wa kowa fura sai an rufe littafi.

Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya sauki Sa'a lafiya, Ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna, Ya sa wannan ce iska ta ƙarshe da za ta buɗe maka ɗaki. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka fi ni. Ka gaishe da mai unguwarku kafin in zo in gaishe shi da kaina.

Sandar Iya tana nan a bayan ƙofa inda ta bar ta, Ummanka ta goge ta ɗazu. Da ita zan zo, kuma a gefenka zan tsaya. In kana da takalmi sau-ciki, ka sa shi.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Idrisu Abdullahi, yadda yake a kati,
wanda ka sani da Sabo Dillali.